Abin da Ya Rage a Gindin Tukunya

Ƙarfe bakwai na buɗe ɗakin gwaji a Sharaɗa,
janareto na tari, Lurwanu na lallashinsa.
An kawo gwangwani uku daga titin Panshekara,
kowanne da baƙin abu daskare a cikinsa.

Kwalta ce, autar ɗanyen mai.
Fetur ya tashi ya bar ta, kananzir ya bi sawu,
gas ma ya yi sallama,
ita ta lafe a gindin tukunya
kamar ƙanzo bayan baƙi sun wanke hannu.

Babana ya san ta kafin ni.
A Yakasai, in hadari ya haɗo daga gabas,
sai ya fasa ta da guduma, ya narka a tsohuwar langa,
ya hau kwano yana toshe bakin kowace ƙusa,
mu muna ƙasa muna riƙe masa tsani.
Bai taɓa tambayarta me ta ƙunsa ba.
Ni kuwa da tambayar nake cin abinci.

Na ɗora mata allura, nauyin giram ɗari,
daƙiƙa biyar, na karanta zurfin da ta nutsa.
Na zuba ta a zobe, na aza mata ƙwallon ƙarfe,
na ɗumama ruwan a hankali har ta saki jiki.
Na ja ta kamar mai alewa a bakin Kurmi,
ta zama igiya, ta zama zare,
zaren ya ce ya gaji.

Sannan ta yi magana:
Ni fura ce damammiya cikin nono.
Da gudaji baƙaƙe masu taurin kai, su ne ƙashina,
da ƙaron da ke raba su kada su haɗa kai,
da mai mara nauyi da suke iyo a ciki,
ɗan kaki, ɗan farar wuta,
wato warin nan da mijinki ke ji a hijabinki.

Da ƙuruciya laushi ne aibinta.
Azahar ɗin Afrilu, tirelar siminti ta taka burki,
sai titi ya tashi da kunya biyu kamar gonar dawa.
Da tsufa kuma rana ta shanye nonon,
iska ta shiga ta fita, gudaji suka rage,
ta yi faso kamar diddigen manomi.
Agusta ba ya neman fiye da haka.
Ruwa ya shiga tsakaninta da tsakuwa
ya raba su ba tare da shaidu ba.

To, sai muka nufi Ƙofar Ruwa
muka sayo tayoyin da suka gama yayi.
Aka niƙe su kamar tsaki,
muka barbaɗa a kwalta tana huci,
digiri ɗari da tamanin, Lurwanu na tuƙi yana hawaye.
Roba ta sha mai, ta kumbura, ta saje.
Taya ta shekara tana cin titi,
yau ga titi zai cinye taya.

Na mayar da allura, ta ƙi yin nisa.
Ƙwallon ya daɗe a zobe yana jiran izini.
Na ja ta, na yanke, ta koma da baya
kamar danƙon harbin tsuntsu.
Na rubuta lambobi, na sa hannu,
ko za a bi su, wannan sai ɗan kwangila.

Da yamma adaidaita ya zuba mu a rami,
direba ya zagi wanda bai sani ba. Na yi shiru.
A jakata akwai ɗan curi cikin takarda.

Baba ba ya hawa tsani yanzu, ido ya yi rauni.
Ya karɓa, ya sansana,
ya danna farcen babban yatsa a kai,
ya ɗan jira, leɓɓansa na motsi.
Ban sani ba ko biyar yake ƙirgawa.
Ya ce, Tasalla, wannan za ta kai baɗi.
Nemo langar nan, akwai yoyo ta wajen zaure.